Kwanon Da Salima Ba Ta Buɗe Ba

"Maganar auren ga ta mutu, Namadi. Tun jiya nib binne ta, yau dai nika gaya maka."

Da wannan Adda, mahaifiyar Namadi, ta tari autanta da safiyar Litinin, ko gaisuwa bai gama ba. Yana durƙushe a ƙofar ɗakinta a gidansu na Ƙaura Namoda, makullin mashin a hannunsa, don ya yi shirin tafiya Kasuwar Daji inda yake awon hatsi.

"Adda, wace magana?"

"Magana nawa gare ka? Ta Salima, ɗiyar Malam Tambari ta Shinkafi."

A bakin gado Goggo Balaraba ce zaune, ƙanwar marigayi mahaifinsa, tana ɓarar gyaɗa tana kaɗa ƙafa. Duk wanda ya san Goggo Balaraba ya san in tana kaɗa ƙafa haka, to labari ta kawo, kuma ba mai daɗi ba. Bikin suna ta je Shinkafi, ta sauka gidan su Salima kwana biyu, aka yanka mata kaza, aka bar mata gado. Ga tukuicin kazar nan ta dawo da shi.

"Ni da idona nig gani," in ji ta. "Yarinyar ga zane ukku taka ɗaurawa don kada a gane babu kowa cikin kayan. Nig ga ta tuɓe hijabi za ta alwala, wallahi awarwaronta har gwiwar hannu yaka zuwa. Kwana biyu ban ga ta kai loma baki ba. Ranar da uwar tat tsare ta tas sha kunu, ba a jima ba nij jiyo ta bayan ɗaki tana maido shi. To, budurwa da amai? Ko ciki, ko ciwon nan da ba a hwaɗin sunanshi. Ka zaɓi guda."

"Goggo, ki ji tsoron Allah!"

"Shi nika tsoro, shi yas sa ban ɓoye ba. Ga Nazifa can Zurmi, ɗiyar cikina, jininka, ta cika zanenta dam, kana gani kat tsallake ta kaj je ka ɗauko muna karan dawa."

To, can dama maganar ta dosa tun farko.

Abin haushin shi ne, Adda ce da kanta ta fara ganin Salima. Bara, a wani biki a Zurmi, kwana uku ana jere wa 'yan mata kwanuka suna wawaso, amma yarinya guda sai ta sunkuyar da kai, kwanonta ya koma yadda ya zo, ko murfin ba ta ɗaga ba. Adda a ruga ta tashi, inda mace ta gwammace ta wuni da yunwa da ta tauna abu a gaban manya. Ta dawo gida bakinta bai rufuwa, wai ta ga ɗiyar mutunci, mai kunya, wadda cikinta bai fi ƙarfinta ba. Ita ta tura Namadi ya je ya gani. Ya je ya gani, zuciyarsa ba ta biyo shi gida ba.

Yanzu ga shi saura wata biyu ɗaurin aure.

"Adda, don Allah," ya ce, hawaye na cika idonsa. "Ke kinka nuna mani ita. Kada ki ba ni abu da hannun dama ki amshe da na hagu. In babu Salima ban san yadda zan yi ba."

Adda ta kawar da kai, don ba ta son ganin hawayen auta. Sannan ta ce, "Ran Juma'a ni da ƙahwata za ni Shinkafi. In tuƙa tuwo da hannuna, in aje mata. In tac cinye gabana kuma yaz zauna cikinta, aure na nan. In ba haka ba, akwatunan sa rana biyu da anka kai, da su zan komo."

Matar da ta zaɓi yarinya don ba ta ci, yau ita ce za ta kore ta don ba ta ci.

Ranar nan gero bai ga Namadi ba, Shinkafi ya nufa. Hanyar Shinkafi yanzu ba hanyar da ake bi da zuciya ɗaya ba ce saboda ɓarayin daji, masu mashin kan jira juna su tafi a ayari, kowa bakinsa da addu'a. Shi bai jira kowa ba.

Iyatu, mahaifiyar Salima, wadda a da ko muryarsa ta jiyo sai ta shige ɗaki don kunya, yau ita ce ta fito zaure ta same shi. Ta zauna can nesa ta ba shi gefen fuska.

"Na san abin da baƙuwarmu tat tahi da shi," ta ce. "Ba ciki ba na, ba ciwon banza ba na. Sau biyu anka ɗebi jininta asibiti, anka ce lahiya lau. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun yi ruƙiyya. Na yi lallashi, na yi hwaɗa, har hannu na ɗaga mata, Allah shi gahwarta mani. Ɗiyata na ƙarewa gabana, ga abinci cike da tukunya."

Ana haka Malam Tambari ya ratso zauren zai tafi masallaci. Namadi ya zube ya gaishe shi. Dattijon ya amsa a taƙaice, ya ce da matarsa, "Ki ce ma yarinyar nan ta hito, baƙonta na jira."

Yarinyar nan. Salima ce 'yarsa ta fari, kuma shekara ashirin ke nan bakinsa bai taɓa furta sunanta ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ya tarar iyayensa na yi. Sai dai idonsa ya yi ja, kuma carbin da ke hannunsa juya shi kawai yake ba lissafi.

Salima ta shigo tana dafa bango. Ana tsakiyar bazara, mutum na neman inda zai sa ransa don zafi, ita kuwa rigar sanyi ce a ƙarƙashin hijabinta.

"Ka zo amsar kayanku?" ta tambaya a hankali.

Wata tara yana zuwa zauren nan, sai yau ya dube ta da idon gani. Wuyan hannunta bai fi muciya kauri ba. Leɓenta ya bushe, idanun nan da yake yi wa kirari sun faɗa ciki. Ya rasa inda idonsa yake duk watannin nan.

"Salima, ki gaya mani gaskiya. Mi ka damunki?"

Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "In nig gaya maka, dariya za ka yi. Ƙasar da mutane ka kwana da yunwa, wai ga wata an aje mata tuwo ta kasa ci."

"Ba ni dariya."

Ta jingina da bango, hawaye suka fara sauka ba ta ko share su ba.

"Ka san ba 'yan garin ga muke ba. Shekara huɗu ke nan da ɓarayin daji sunka tashe mu daga Galadi. Munka sauka gidan Kawu, mu da yaranmu, su da nasu, tukunya guda. Lokacin ni mai jiki ta, kumatu awa an hura. Ran nan muna cin tuwo, matar Kawu tad dube ni gaban kowa tac ce, 'Wagga mai kumatun ita kaɗai za ta ga bayan rumbunmu.' Anka yi dariya. Ita wasa taka yi, na sani. Amma ran nan nir rage loma guda. Washegari biyu."

Ta gyara hijabinta, ta ci gaba.

"Sai nij ji wani irin sanyi a raina. Gida ya tahi, gona ta tahi, shanun Baba sun tahi, babu wanda nih hana. Amma bakina nawa na. Ni ka buɗe shi, ni ka ruhe shi. Yanzu mun samu gidanmu, abinci na nan, amma abin ya ƙi sakina. In nid dubi madubi, mai kumatun nan nika gani. In nic ci, wata murya cikin kaina ta dinga ce mani na yi laihi, ba ta bari na sai na hidda shi. Ina jin yunwa, Namadi. Wallahi ina jin yunwa. Tsoro ya hi ta ƙarhi."

"To mi yas sa ba ki taɓa gaya mani ba?"

Sai a nan ta ɗago ta dube shi.

"In gaya maka mi? Ko'ina niz zauna ban ci ba, sai a ce kai, ɗiyar ga akwai kunya. In nic ce azumi nika yi, a ce akwai ibada. Addarka don haka tas so ni. Kai ma ka tuna ranar da kak kawo tsire nir raba ma yara? Kac ce, 'Abin da yas sa nika son ki ke nan, ba ki da kwaɗai awa 'yan matan yanzu.' Ran nan don murna kwana biyu ban sa komi bakina ba."

Namadi ya ji kamar an soke shi. Ya tuna, har yadda ya je majalisa yana yi wa abokai alfahari da maganar ya tuna. Ya kifa kansa a gwiwa, ƙato da shi, ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifinsa. Ashe duk zuwan da yake yi da sunan so, taya ciwon aiki yake yi.

Da ya samu bakin magana ya gaya mata sharaɗin Adda. Ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Ba ni iyawa. Ka auri Nazifa, ka huta. Mi za ka yi da macen da ko tuwon amarcinta ba ta iya ci?"

"Ba tuwo niz zo aure ba. Ki yarda gobe mu tahi Gusau, ni da ke da Iya. Abu guda nika roƙo ke nan."

Da Malam Tambari ya dawo daga masallaci Iyatu ta kai masa maganar. Kai kawai ya gyaɗa, alamar ya yarda.

A Gusau wata likita ce ta gan su, mace mai sanyin magana. Ta auna Salima, ta saurari ƙirjinta, ta keɓe da ita fiye da awa guda, sannan ta kira Iyatu da Namadi. Ta ce wannan ba kunya ba ce, ba aljanu ba ne, ba kuma iskanci ba ne. Ciwo ne sananne, a tunani yake kama mutum ya ƙare a jiki, kuma yana kisa in an bar shi. Ta ce zuciyar yarinyar ta riga ta yi rauni, za ta riƙa zuwa ana duba ta ana zantawa da ita, ba wata ɗaya ba, ba biyu ba. Maganar biki a jingine ta tukuna.

"Abu biyu zan roƙe ku," ta ce. "Kada ku tsare ta da ido ku ce sai ta cinye. Kada kuma ku tura mata kwano ɗaki ku bar ta ita kaɗai da shi. Wanda ta yarda da shi ya zauna su ci tare, yana ci tana ci, ko loma ɗaya ce. Yau ɗaya, wata rana biyu."

A mota Namadi ya kira Adda ya gaya mata duk abin da likita ta ce.

"Ciwon ƙin tuwo?" in ji Adda. "Tun da uwata tah haihe ni ban taɓa jin shi ba. Juma'a na nan."

Juma'a kuwa ba ta fasa zuwa ba. Da hantsi motar da Adda ta ɗauko ta tsaya a ƙofar gidan Malam Tambari, ita da Goggo Balaraba da kwanon samira ɗaure a cikin ɗankwali. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwar darbejiya da ke tsakar gida. Maƙwabta mata, waɗanda ba wanda ya gayyata, suka cika bakin katanga da sunan gaishe da baƙi.

Namadi na zaure tare da Malam Tambari, don iyakar saurayi ke nan a gidan surukai. Daga nan yana hango tsakar gidan ta gefen labulen kara.

Adda ta kwance ɗankwali ta tura kwanon gaban Salima. Tuwon dawa ne malmala biyu, miyar kuka, man shanu na yawo a kai.

"Bisimilla, ɗiyata. Yau na ɗauke maki kunya."

Salima ta dubi kwanon. Ta miƙa hannu za ta ɗaga murfin, ta kasa. Zufa ta keto mata. Ido ya fi ashirin a kanta.

"Ikon Allah," in ji Goggo Balaraba. "Tuwo na, ba maciji ba. Adda, kin gani ko? Nazifa da yanzu ta siɗe kwanon ta nemi ƙari."

Wata daga bakin katanga ta ƙyalƙyale. Iyatu ta toshe baki da gefen zane ta juya baya. Salima ta janye hannunta ta rungume shi a ƙirji, numfashinta na fita sama sama.

Namadi bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Baba, ka gahwarce ni," ya ce da Malam Tambari, ya ɗaga labulen ya shiga.

Ya ɗauki buta ya wanke hannu, ya zo ya zauna a bakin tabarmar, ya ɗage murfin kwanon da kansa. A ƙasar nan, saurayin da ya san ciwon kansa ko ruwa aka kawo masa a gidan su budurwa sai dai ya taɓa kofin ya ajiye. Shi kuwa ya gutsuri tuwo, ya dangwali miya, ya kai baki a gaban uwarsa, a gaban surukarsa, a gaban matan unguwa.

"La'ilaha illallahu!" Goggo Balaraba ta dafe ƙirji. "An gama da yaron ga! An ba shi ya ci!"

"Namadi!" Adda ta daka masa tsawa. "Tashi! Gidan surukai kaka cin tuwo, kwano guda da budurwa? Wa yah haihe ka?"

"Ke kinka haihe ni, Adda, kuma ban taɓa ƙin maganarki ba. Amma kunyar nan da munka yi ta yabo, ni da ke, ita ta kusa kashe ta. Yau in tawa kunyar ta zube, ta zube." Ya juya ga Salima, ya sassauta murya. "Kada ki dubi kowa. Ba gwaji ba na. Yunwa nika ji, kuma ban son ci ni kaɗai. In kin iya ki taya ni, in ba ki iya ba ki zauna dai kusa."

Ya ci gaba da ci a hankali, idonsa a kan kwanon, bai dube ta ba. Hawayensa na ɗiga a bayan hannunsa.

An daɗe. Can sai ga yatsu sirara sun shigo kwanon. Ta gutsuri abin da bai fi ƙwayar dabino ba. Ta riƙe shi a bakin leɓe tana kuka kamar ranta zai fita, sannan ta rufe ido ta haɗiye.

Iyatu ta durƙushe a inda take.

Adda ta dubi yarinyar, ta dubi ɗanta. Leɓenta ya motsa kamar za ta faɗi wata magana mai taushi. Amma matan unguwa na kallo, Goggo Balaraba na zungurinta, kuma Adda mace ce da ba ta taɓa haɗiye maganarta ba.

"Kwano nic ce, ba loma ba," ta ce tana miƙewa. "Balaraba, a hiddo akwatunan."

Aka fito da su ɗaya bayan ɗaya, aka ratsa da su ta gaban Salima. A bakin zaure Adda ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"In kai ɗana na, ka taso mu tahi."

"Ka tashi," Salima ta ce cikin kuka. "Don Allah ka bi ta. Uwa ta. Kada ka rasa ta saboda ni."

"Zan bi ta har ɗakinta in durƙusa, yau da gobe da jibi, har ta huce," ya ce. "Amma ban ƙoshi ba tukuna."

Suka ji tashin motar, suka ji ƙararta na nisa har ta ɓace. Matan bakin katanga suka zare jiki ɗaya ɗaya, kowa da abin da za ta kai gida. Babu sauran rana, babu akwati, babu biki. Saura mutum biyu da kwanon tuwon da ya fara sanyi.

Sai suka ji motsin buta.

Malam Tambari ne ya shigo yana wanke hannu. Ya tako a hankali, ya tattare babbar rigarsa, ya zauna a kan tabarmar da bai taɓa zama da 'yarsa ba. Ya sa hannu a kwanon ya gutsura. Gemunsa ya jiƙe sharkaf.

"Salima," ya ce.

Ta ɗago a firgice, don ba ta taɓa sanin yadda sunanta yake a bakin ubanta ba.

"Salima, ɗiyata. Matso, mu ci."